Yadda Ake Haɗa Injin Yankan Ciyawa a Bayan Tarakta da Yadda Ake Aiki da Shi Lafiya

Daga ƙarshen watan Satumba, da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙasar Sakkwato, aikin sharar fili yake tasowa ta ko'ina. Masu lambun mangwaro da lemo suna son a kwantar da tafasa da kyasuwar da damina ta bari a tsakanin itatuwa, manoman rani na Wurno da Goronyo da Kware da Kwalkwalawa suna son a share fadama kafin a sa garma, filayen makarantu da bakin hanyoyi kuma sun cika da ciyawa har iya ƙugu. Aikin da gayya za ta yini a kansa da adda da lauje, injin yankan ciyawa na bayan tarakta, wanda direbobi suke kira silasha, yakan gama shi cikin 'yan awoyi. Sai dai a cikin duk kayan da ake ɗaura wa tarakta babu wanda nake shakka kamarsa, domin garma da haro ƙasa kawai suke ci, shi kuwa yana jifa kuma yana naɗewa. Mafi yawan ɓarnar da yake yi, tun a wurin haɗi da duba fili ake shuka ta, kafin ma a taɓa libar PTO, wato abin da tarakta take juya injin da shi.

Ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa. Faffaɗan murfi ne na ƙarfe, a samansa akwai giyabos, a ƙarƙashinsa kuma akwai faranti ko sandar ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe biyu masu kauri, kowace a rataye da noti guda domin ta iya kaucewa baya idan ta bugi kututture. Ƙarfin juyi yana fitowa ne daga ɗan gajeren ƙarfen nan mai haƙora da ke bayan tarakta, wato PTO, ya bi ta doguwar sandar da ake kira shaf, ya shiga giyabos. PTO yana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a kowace daƙiƙa, kuma a wannan juyi bakin wuƙa yana gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Da wannan bugu take karya ciyawa da ƙananan itace, kuma da shi take cilla duk dutsen da ta tarar.

Kafin haɗi, a tabbatar injin ya dace da taraktar. Ma'aunin da aka saba bi shi ne ƙarfin doki kamar 5 ga kowace ƙafa ɗaya ta faɗin yanka, don haka mai faɗin ƙafa 5 ko 6 ba ya wahalar da tarakta irin Massey Ferguson 375 da ta yawaita a wajenmu, mai ƙarfin doki 75. Matsalar da aka fi samu a nan ita ce akasin haka: babbar tarakta da ƙaramin silasha mai raunin giyabos, inda ƙarfin taraktar yake fasa haƙoran giya idan wuƙa ta cije. A kuma duba bakin PTO. Mai juyi 540 haƙora 6 gare shi, mai juyi 1000 kuma 21, kuma injin da aka ƙera don 540 ba a taɓa juya shi a 1000, ko da an sami mahaɗin da zai shiga. Fin ɗin hannuwan ɗauka, wato hannuwa uku na bayan tarakta da ake rataye inji a kansu, biyu a ƙasa ɗaya a sama, su ma suna da aji: na aji ɗaya kaurinsu milimita 22 ne a hannuwan ƙasa, na aji biyu kuwa 28. Idan ramin hannu ya fi fin faɗi, a sa zoben cikewa da aka yi don haka, kada a bar shi yana kaɗawa.

Haɗi ana yin sa ne a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. Direba ya yi baya a hankali da giya mafi ƙasa, kuma yaron mota ya tsaya a gefe inda direba yake ganinsa, kada ya shiga tsakanin tarakta da inji sai an ja birkin hannu an kashe mota. Ana fara sa hannun ƙasa na hagu, sannan na dama, saboda na daman ne yake da abin murɗawa da ke ɗaga shi ko sauke shi har ya dace da fin, daga nan sai hannun sama. Kowane fin a kulle shi da makullinsa na asali mai zobe. Ƙusa lanƙwasasshiya ko guntun waya da ake sawa idan makulli ya ɓata ba sa jure girgizar wannan inji. Bayan haka a ɗaure sarƙoƙin gefe yadda injin ba zai yi lilo ya bugi tayar bayan tarakta ba. Hannun sama kuwa ana barin sa da ɗan sassauci idan injin yana zaune a kan tayarsa ta baya, domin ya riƙa bin tudu da gangaren ƙasa, shi ya sa masu ƙira da yawa suke sa mahaɗi mai motsi ko sarƙa a wurin.

Wurin da ya kamata a fi daɗewa shi ne tsawon shaf, musamman idan injin na aro ne ko an saye shi na hannu, domin an yanke shi ne daidai da wata taraktar daban. Shaf bututu biyu ne, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, yana miƙewa yana takurewa yayin da ake ɗaga inji da sauke shi. A raba su biyu, a maƙala rabi a tarakta rabi a giyabos, a jera su gefe da gefe, sannan a ɗaga inji a hankali har a sami inda tazarar ta fi gajarta, galibi lokacin da bakin PTO da bakin giyabos suka yi daidai da juna. A wannan wuri dole ne a sami sauran fili na 'yan santimita kafin bututun ya kai ƙarshe. Idan babu wannan fili, ranar da aka ɗaga inji ko aka shiga kwari, shaf zai tokare ya tura ƙarfinsa cikin giyabos ko cikin bayan tarakta, kuma gyaran da zai biyo baya ya ninka kuɗin shaf sau da yawa. Idan ya yi tsawo, a rage duka rabin biyu daidai wa daida, har da rigarsu ta roba, a goge bakin da magagari, a share garin ƙarfen, a shafa giris. A inda tazarar ta fi tsawo kuma, ana son bututun biyu su kasance a cikin juna da aƙalla kashi ɗaya bisa uku na tsawonsu, domin wanda ya zare yana cikin juyi zai riƙa dukan duk abin da ke kusa, har da bayan kujerar direba. Idan an tura kan shaf a PTO, a ja shi baya da ƙarfi a tabbatar makullin ya faɗa raminsa.

Rigar robar da ke rufe shaf ita ce abin da aka fi rainawa, kuma ina ganin babu abin da ya kai ta muhimmanci a jikin injin. Sau da yawa za a ga ta fashe an cire ta an yar, wai tana hana sa giris. Aikinta shi ne ta tsaya cik yayin da ƙarfen ciki yake juyawa, kuma 'yar sarƙar da ke jikinta ana maƙala ta ne a wuri tsayayye don ta riƙe ta. Ƙarfen da yake juyi sau 9 a daƙiƙa, kafin mutum ya ankara cewa an kama bakin rigarsa ya riga ya naɗe hannu. Wannan ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da aka ƙera injin, saboda irin suturarmu. Babbar riga da doguwar taguwa da hirami da jelar rawanin da ake rufe fuska da shi saboda ƙurar hunturu, duk ba sa zuwa kusa da shaf. Direba da yaronsa su sa riga da wando masu kama jiki da takalmi rufaffe, wanda yake son kare hanci daga ƙura ya sa takunkumi. Ba a tsallake shaf yana juyi ko da da rigarsa, a zagaya ta gaban tarakta.

Tsakanin shaf da giyabos akwai abin kariya iri biyu, kuma kowane inji yana da ɗaya daga ciki. Na farko noti ne mai taushi da aka yi shi musamman don ya karye idan wuƙa ta bugi abin da ya fi ƙarfinta. Idan ya karye ya yi aikinsa ke nan, sai a sa irinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne direba ya gaji da canji ya sa noti mai tauri ko guntun rodi, daga ranar kuwa giyabos ne zai riƙa karɓar bugun. A riƙa tafiya da masu taushin guda biyar ko shida a akwatin sifana. Na biyu kuloci ne mai faifai da sifirin, wanda yake zamewa idan nauyi ya yi yawa. Shi kuma idan ya daɗe a ajiye, musamman ya sha raɓa da ruwan damina, faifan suna mannewa da tsatsa ya zama kamar babu shi. A farkon kowane lokacin aiki a auna tsawon sifirin ɗin, a sassauta notinansu, a sa PTO na daƙiƙa biyu ko uku har ya zame, a kashe mota, a mayar da su daidai inda suke. Akwai kuma tsofaffin taraktoci da PTO ɗinsu yake haɗe da giyar tafiya, waɗanda ko an taka kuloci nauyin juyin wuƙaƙe zai ci gaba da tura su gaba. Irin waɗannan suna buƙatar mahaɗi mai sakin juyi a bakin PTO, in ba haka ba direba zai taka birki a bakin rafi mota ta ƙi tsayawa.

Saitin tsayi abu ne mai sauƙi. Tayar da ke bayan inji ita take riƙe tsayin bayansa, libar haidirolik kuma take riƙe na gaba. Ana son gaba ya fi baya sauka da kamar inci ɗaya, domin wuƙa ta yanki ciyawa sau ɗaya a gaba ta fitar da ita ta baya. Idan baya ne ya fi sauka, za ta riƙa maimaita yanka, mota ta sha mai a banza. A filin da ba a sani ba a fara da tsayin da bai gaza taƙi ɗaya daga ƙasa ba. A jigawa mai rairayi, wuƙar da ke taɓa ƙasa takan cinye cikin ɗan lokaci, a fako mai marmara da tsakuwa kuwa kowace taɓawa jifa ce. Da an sami tsayin da ake so, a kulle alamar libar a wurin.

Kowace safiya a buɗe notin gefen giyabos a ga ko man giya, wanda galibi mai lamba 90 ne, ya kai bakin ramin, a kuma duba ƙarƙashi ko yana yoyo. A sa giris a kuros ɗin shaf guda biyu, wato gaɓoɓin da ke lanƙwasawa a kawunansa, da bututunsa da tayar baya bayan kowace awa 8 ta aiki. Wuƙaƙe a duba su da ido da hannu: notinsu a ɗaure, suna kaɗawa ba cijewa, babu tsagewa kusa da rami. Wadda ta tsage ko ta lanƙwashe ba a kai ta wurin mai walda ko maƙeri, domin wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, kuma gutsuren da ya ɓalle a wannan gudu yana iya huda murfi. A canza su biyu tare don nauyinsu ya zo ɗaya. Wajen wasawa ba a yi musu kaifin aska, ana barin baki mai ɗan kauri kamar milimita ɗaya da rabi, kuma abin da aka ci a wannan a ci kamarsa a waccan. Labulen sarƙa ko na roba da ke gaba da bayan murfi shi yake rage ƙarfin abin da aka cilla, idan ya zube a gyara shi kafin a fita.

Daga nan sai fili, kuma a nan gaggawar 'yan haya take jawo asara, saboda ana biya ne da yawan kadada. Direba ya sauka ya taka gonar da ƙafarsa tare da mai ita. Ya tambaye shi kai tsaye: «Baba, akwai tsohuwar rijiya ko turke ko kututture a cikin ciyawar nan? Ina bututun ban-ruwa ya bi?» Mai gona ya san abin da ciyawa ta rufe. A fadama akwai kawunan bututun rijiyoyin noman rani da tiyo da aka bari tun bara, a kusa da gari akwai waya da kwalabe da gwangwani da guntayen bulo, a daji akwai suri da kututturan kalgo da sabara da aka sare aka bar gindi. Abin da zai ɗauku a kwashe, wanda ba zai ɗauku ba a kafa masa doguwar sanda da ƙyalle. Sabara da geza masu kaurin yatsa injin yana cin su, amma itacen da ya fi inci ɗaya zuwa biyu, gwargwadon ƙarfin injin, aikin gatari ne. A kuma tabbatar da iyakar abin da za a yanka, domin karan gero da na dawa a ƙasar nan dukiya ce, abincin dabba ne kuma kayan darni, kuma abin da silasha ya niƙe ba ya tattaruwa.

Littattafan masu ƙera irin wannan inji suna cewa a nisanta mutane da kamar mita 90 ko fiye. Wanda ya san ƙauyukanmu ya san wahalar wannan, domin ƙarar tarakta kiran yara ce, balle idan ciyawa ta fara kwanciya fara da ɓeraye suna fitowa, balbela tana sauka, yara suna bin baya da gudu. Duk da haka ba a sassauta wa wannan doka. A sa babban mutum guda wanda yara suke jin maganarsa ya tsaya daga nesa yana kora, a sanar da makiyayin da ke kusa ya janye dabbobinsa, kuma duk lokacin da direba ya hango mutum ya matso, ya cire PTO ya jira. Kusa da hanya ko gidaje a ɗaga tsayin yanka, a zaɓi lokacin da babu masu wucewa. Ba a ɗaukar kowa a kan murfin taya ko a kan murfin inji, ko yaron mota ne, domin wanda ya zame daga nan gaban wuƙa yake faɗawa.

Wajen tayarwa, direba yana zaune a kujera, inji yana ƙasa ko ɗan sama kaɗan a wurin da babu ciyawa mai kauri. A sa PTO da totur a ƙasa, a saki kuloci a hankali har wuƙaƙe su miƙe, sannan a ƙara totur har allurar agogo ta kai alamar 540. Idan aka ji girgiza mai ƙarfi a tsaya, wataƙila wuƙa ɗaya ta naɗe ba ta buɗe ba. Totur yana zama a nan duk tsawon aiki, saurin tafiya kuma da giya ake zaɓarsa, tsakanin kilomita 3 zuwa 8 a awa. Idan mota ta fara nishi a cikin gamba mai kauri, a sauko giya ko a rage faɗin da ake ci, ko a yanka sama-sama a dawo a yi na biyu. Mai faɗin mita ɗaya da rabi a gudun kilomita 5 yana share kashi uku bisa huɗu na hekta a awa a lissafi, amma da juyi da tsayawa abin da ake samu ya fi kusa da rabin hekta, kuma a kan wannan ya kamata a yi ciniki.

A wurin juyawa a tuna cewa bayan inji yana fita waje sosai, yana iya bugun itace ko shinge. Ba a ɗaga shi can sama PTO yana juyi, domin kuros yana wahala idan shaf ya karkace da yawa, kuma wuƙaƙe suna bayyana a fili. A bakin magudanan ruwa irin na yankin Goronyo da gaɓar gulbin Rima, ƙasa takan zaizaye ta ƙarƙashi ciyawa ta rufe, don haka a bar tazara mai kyau, a bar wa adda sauran. A gangare ana hawa da sauka ne, ba a bin sa a kaikaice. Idan taraktar tana da ƙarfen kariya na kifewa a bar shi a tsaye a ɗaura bel. Idan gabanta yana yin sauƙi lokacin da aka ɗaga inji, a ƙara mata nauyi a gaba, domin sitiyari yana buƙatar kamar kashi 20 cikin 100 na nauyin mota a kan tayoyin gaba.

Idan wuƙa ta bugi wani abu, ko waya da igiya da leda suka naɗe a ƙarƙashi, tsarin tsayawa ɗaya ne kullum: a cire PTO, a sauke inji ƙasa, a ja birkin hannu, a kashe mota, a zare makulli a sa a aljihu, sannan a saurara har ƙarar juyi ta ɗauke gaba ɗaya, domin wuƙaƙe suna ci gaba da juyawa bayan an kashe mota. Idan sai an shiga ƙarƙashi, a ɗaga inji a tokare shi da katakai masu kauri ko jak mai tsayawa a kusurwoyinsa. Haidirolik kaɗai ba abin dogara ba ne, tiyo yana fashewa, yaro yana iya taɓa liba. Wayar da ta naɗe a gindin giyabos a cire ta duka, saboda ita take cinye robar da ke riƙe mai.

Busasshiyar ciyawar hunturu da zafin bazara, wanda yake haura digiri 40 a watan Afrilu, suna kawo nasu haɗarin. Ƙaiƙayi yana toshe ragar lagireto cikin awa ɗaya ko biyu, don haka a riƙa kallon allurar zafi, a tsaya a kakkaɓe, kuma ba a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Ciyawar da ta taru kusa da salansa da kan murfin inji a share ta, domin wuƙa tana tayar da tartsatsi idan ta bugi dutse, iskar hunturu kuma ba ta jira. A ajiye abin kashe gobara ko jarkar ruwa a kusa. Aikin sassafe ya fi sauƙi ga mota da direba, kuma wanda zai yini a kan wannan ƙara ya toshe kunnuwansa ya sa tabarau.

A kan hanyar komawa a cire PTO, a ɗaga inji a kulle liba, a haɗa abin taka birki guda biyu da makullinsu, a tafi a hankali saboda injin ya fi wasu taraktocin faɗi. Idan lokacin aiki ya wuce, a kankare danyar ciyawa da lakar da suka manne a ƙarƙashin murfi, domin su suke ruɓar da ƙarfe, a shafa baƙin mai a wuƙaƙe, a raba shaf a sa masa giris a rataye shi a inuwa, saboda ranar Sakkwato tana gasa rigar roba har ta farfashe. Injin kansa a ɗora shi a kan katako a ƙarƙashin rumfa, a rufe giyabos da kuloci yadda ruwan damina ba zai shiga ba.